Tarihin Ikkilisiyoyin Gida a Daular Rum: Daga Urushalima Zuwa Zamanin Konstantin

Kiristocin farko sun shafe kusan shekara 200 suna sujada a gidajen mutane. Ba su da filin kansu, doka ba ta san da zamansu ba, yawancinsu kuma masu ƙaramin ƙarfi ne. Duk da haka, kafin shekara ta 300 addinin ya kai Masar da Kartaj da Faransa ta yau da iyakar Farisa. Buɗe ƙofar gida ga mutum 20 ko 30 ba shi ne abu mai wuya ba, ƙungiyoyi da yawa na wancan zamani sun yi haka suka shuɗe. Abin da ya raya waɗannan ƙananan ikkilisiyoyi shi ne yadda suka ɗaure gida da gida, gari da gari, ta hanyar wasiƙa da baƙunci da gudummawa.

Urushalima, wajen shekara ta 30 zuwa 44

Littafin Ayyukan Manzanni shi ne mafi daɗewar labarin da ke hannu. Ya nuna almajiran Yesu, su wajen 120, suna taruwa a wani bene a Urushalima. Suna zuwa Haikali yin addu'a kamar sauran Yahudawa, amma cin abinci tare da gutsuttsura gurasa a gidaje ake yi. Dalilin a fili yake. Zuciyar ibadarsu ita ce Jibin Ubangiji, jibi kuwa yana bukatar murhu da akushi da wurin zama, abubuwan da gida ne kawai yake da su.

Littafin ya ambaci gida ɗaya da suna: gidan Maryamu, uwar Yohanna Markus, mai ƙofar waje da baranya mai suna Roda. Can Bitrus ya nufa cikin dare sa'ad da ya fito daga kurkukun Hirudus Agaribas, sarkin da ya mutu a shekara ta 44. Da ya gama ba su labari sai ya ce a kai wa Yakubu da sauran 'yan'uwa. Wannan ya nuna Yakubu yana wani wuri dabam, wato tun a lokacin jama'ar ta fi ƙarfin gida ɗaya, saƙo kuma ya fara yawo tsakanin gidaje. Hatta tsanantawar farko ta bi wannan tsari, domin gida gida Shawulu, wanda daga baya aka sani da Bulus, ya riƙa shiga yana kama mutane. Waɗanda suka gudu sun kai bishara Samariya da Finikiya da Kubrus da Antakiya.

A yau ana nuna wa masu ziyara wani ɗaki a Dutsen Sihiyona a matsayin benen almajirai, 'yan Cocin Suriyawa kuma suna cewa gidan sufayensu na Markus yana kan gidan Maryamu. Waɗannan al'adun baka ne masu daɗewa. Ginin da ke Dutsen Sihiyona an yi shi fiye da shekara 1,000 bayan zamanin manzanni, kuma babu rubutun ƙarni na 1 da ya fayyace inda gidajen suke.

Masu gida da manzo, 45 zuwa 64

Da Bulus ya fara tafiye-tafiyensa, salonsa kusan ɗaya ne a kowane birni. Yakan fara da majami'ar Yahudawa, in aka kore shi sai ya koma gidan wanda ya karɓi saƙon. A Filibi, Lidiya ce, 'yar kasuwa mai sayar da tufafin shunayya, aka yi mata baftisma tare da mutanen gidanta. A Tasalonika Yason ne, wanda 'yan zanga-zanga suka far wa gidansa, mahukunta kuma suka karɓi kuɗin beli a hannunsa. A Koranti akwai Titus Yustus, maƙwabcin majami'a, da Istifanas, da Gayus wanda Bulus ya ce shi ne mai saukar da ikkilisiya duka. Wani rubutu a kan dutse da aka samo a Delfi ya tabbatar da lokacin mulkin gwamna Galiyo, wanda aka gurfanar da Bulus a gabansa a Koranti, don haka masana suka tsayar da zaman Bulus a Koranti wajen shekarun 50 zuwa 52.

Gidan Barume ko Bahelene ya wuce miji da mata da 'ya'ya. Akwai bayi, da 'yantattu, da ma'aikata, da masu zuwa gaisuwar safe. In maigida ya tuba, ikkilisiya ta samu masauki da abinci da kariya a rana ɗaya. Wannan ne kuma ya ba mata matsayi babba, domin sha'anin gida a hannunsu yake. An ambaci Nimfa da ikkilisiyar gidanta a Lawudikiya, an ambaci Fibi mai hidimar ikkilisiyar Kankiriya.

Babu misalin da ya kai na Akila da matarsa Biriskila, masu ɗinkin tanti. Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma wajen shekara ta 49, marubucin Rumawa Suwetoniyas ma ya ambaci korar. Ma'auratan suka sauka Koranti, suka ba Bulus masauki da aiki. Daga baya aka same su a Afisa da ikkilisiya a gidansu, sannan a Roma da wata ikkilisiyar a gidansu. Birni uku, duk inda suka kafa shago sai taro ya biyo baya.

Ba kowane taro ne yake samun gidan attajiri ba. A Taruwasa a hawa na uku aka taru, ɗaki cike da fitilu, har wani saurayi ya yi gyangyaɗi a bakin taga ya faɗo. Masanan da suka auna gidajen masu hali na wancan zamani suna ganin da wuya taro ya wuce mutum 40 ko 50. Ƙanƙantar tana da daɗi, kowa ya san kowa, amma tana da nata ciwon. A Koranti masu kuɗi sukan riga su ci su ƙoshi, bayi da leburori su iso a makare su tarar da akushi wayam. Jama'a ta rabu, wasu na Bulus, wasu na Afolos, wasu na Kefas, wato Bitrus. Gidan da ya zauna shi kaɗai yakan ɗauki halin maigidansa, mai kyau ko mummuna.

Igiyoyi uku

Maganin da aka samu shi ne kada a bar gida shi kaɗai. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, zamanin kuwa ya taimaki ƙafa: Rumawa sun shimfiɗa hanyoyi, sun kakkaɓe 'yan fashin teku, harshen Helenanci kuma ana jin sa daga Suriya har Roma.

Igiya ta farko wasiƙa ce. Gidan waya na daula na gwamnati ne kaɗai, saboda haka sai an samu amintacce ya ɗauka da hannu, ya karanta a gaban jama'a, ya amsa tambayoyi. Timoti da Titus da Tikikus da Abafaroditus sun yi wannan aiki. Wasiƙar Kolosi ta umarci a karanta ta a Lawudikiya, su ma a karanta tasu a Kolosi. Da haka aka fara kwafa da tarawa, abin da ya zama babban ɓangare na Sabon Alkawari. Wasiƙar Romawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 57, ta ƙare da gaisuwa ga mutum fiye da 20 da rukuni aƙalla 5, alhali Bulus bai taɓa taka Roma ba. Ya san wasunsu a tafiye-tafiyensa, wasu kuma ta bakin matafiya, ya kuma nemi su gai da juna.

Igiya ta biyu baƙunci. Masaukan haya na lokacin sun yi ƙaurin suna wajen ƙazanta da lalata, don haka Kirista matafiyi yakan sauka gidan ɗan'uwa, kamar yadda fatake suke sauka wurin mai masauki a zango, ya ci ya kwana, a yi masa guzuri zuwa gari na gaba.

Igiya ta uku kuɗi. Antakiya ta aika taimako Yahudiya lokacin yunwa a zamanin Kalaudiyas. Daga baya Bulus ya shafe shekaru yana tara gudummawar ikkilisiyoyin Makidoniya da Akaya da Galatiya domin matalautan Urushalima, ya sa kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako, ya kuma nemi wakilan ikkilisiyoyi su raka kuɗin don kada a yi zargi. Bahelene da bai taɓa ganin Urushalima ba ya ciyar da Bayahuden da bai san sunansa ba, da fatan wannan ya ɗinke ɓarakar da ke tsakanin Helenawa da Yahudawa masu bi.

Bayan manzanni, 64 zuwa 180

A shekara ta 64 gobara ta cinye Roma, Sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifi ya kashe da yawa, kamar yadda marubucin Rumawa Tasitus ya rubuta. Al'ada mai ƙarfi ta ce a wannan zamani aka kashe Bitrus da Bulus. A shekara ta 70 sojojin Rum suka rushe Urushalima. An ce Kiristocin birnin sun riga sun ƙaura zuwa Fella a hayin Urdun, amma labarin ya zo ne daga marubucin tarihi Yusibiyas, wanda ya rubuta fiye da shekara 200 bayan haka. Abin da ya tabbata shi ne uwar ikkilisiya ta rasa matsayinta, sauran kuma ba su faɗi ba, domin ba a kan gari ɗaya suka rataya ba.

Sai sabuwar matsala ta taso: wa za a buɗe wa ƙofa? Wasiƙar Yohanna ta uku ta koka da wani Diyotarifis da ya ƙi karɓar baƙi, yana kuma korar masu karɓarsu. A ɗaya gefen akwai macuta. Wani ɗan littafin tsarin ikkilisiya mai suna Didake, na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya kafa doka: mai wa'azi matafiyi ya kwana ɗaya, in da larura biyu, wanda ya kai uku ko ya roƙi kuɗi maƙaryaci ne, wanda kuma yake son zama ya kama sana'a. Lusiyan, marubuci mai ba'a, ya ba da labarin wani Feregirinus da ya ci dukiyar Kiristoci, har wakilai daga biranen Asiya suka zo masa da taimako a kurkuku. Ya so ya nuna wautarsu, sai ga shi ya bar shaidar saurin taimakonsu.

Wajen shekara ta 96 ikkilisiyar Roma ta rubuta wa ta Koranti doguwar wasiƙa domin an tsige wasu dattawa ba bisa ƙa'ida ba. A zamanin Sarki Tarajan aka tasa ƙeyar Iginatiyas, bishop na Antakiya, zuwa Roma domin kisa. A hanya wakilan Afisa da Maginisiya da Taralis suka tarye shi a Simirna, ya rubuta wasiƙu 7 yana nanata cewa kowane birni ya tsaya ƙarƙashin bishop ɗaya, kada a yi Jibi ba da saninsa ba. Folikaf na Simirna ya tattara wasiƙun ya aika wa mutanen Filibi da suka roƙa. A nan shugabanci ya fara barin hannun maigida yana komawa hannun wanda jama'ar birni duka suka amince da shi.

Wajen shekara ta 112 Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Tarajan abin da bincikensa ya gano. Kiristoci sukan taru a rana tsayayya kafin fitowar rana, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah, su yi alkawarin guje wa sata da zina da cin amana, su watse, sannan su sake haɗuwa su ci abinci. Tarajan ya amsa cewa kada a bi su farauta, kada a karɓi ƙarar da ba suna, amma a hukunta wanda aka gurfanar ya ƙi tuba. A ƙarƙashin irin wannan doka gida ya fi kowane gini aminci. Wajen shekara ta 165, da aka tambayi Yustin Shahidi a kotun Roma inda suke taruwa, ya ce ba wuri ɗaya suke haɗuwa ba, shi dai yana zaune a saman wani gidan wanka, can masu son koyo suke samunsa. Shi ne kuma ya rubuta cewa dikinoni sukan kai gurasar Jibi ga waɗanda ba su samu zuwa ba.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa a kogunan kaburbura na ƙarƙashin Roma ake ɓuya ana sujada. Bincike bai goyi bayan haka ba. Maƙabartu ne, hukuma ta san da su, ana zuwa ne jana'iza da tunawa da matattu.

Gida ya zama na jama'a, 180 zuwa 260

Lardin Afirka na Rum ya shiga rubutaccen tarihin nan a ranar 17 ga Yuli, 180, lokacin da aka yanke wa wasu Kiristocin garin Sili hukuncin kisa a Kartaj. Da gwamna ya tambayi abin da ke cikin jakarsu, aka ce littattafai ne da wasiƙun Bulus. Wasiƙun da aka aika wa ikkilisiyoyin gida sun isa ƙauyen Afirka cikin shekara 130. A Masar, Kibɗawa suna cewa Markus ne ya kafa ikkilisiyar Iskandariyya a gidan wani baduku mai suna Aniyanus. Wannan al'ada ce. Abin da ƙasa ta adana shi ne takardun gabatarwa na ƙarni na 3 da aka tono a Oksirinkus, inda shugaban wata ikkilisiya yake roƙon wata ta karɓi matafiyi da salama.

Da jama'a ta yawaita sai aka fara mallakar gidaje ana gyara su. Mafi bayyanar misali yana Dura-Yurofos, a bakin Kogin Furat a Suriya. An gina gidan wajen shekara ta 232, bayan 'yan shekaru aka rushe bangon da ke tsakanin ɗakuna biyu aka samu zaure mai ɗaukar mutum wajen 70, wani ɗaki kuma aka mai da shi wurin baftisma da zanen Makiyayi Mai Kyau da warkar da shanyayye. Daga waje ba ya bambanta da gidajen maƙwabta. Wajen shekara ta 256 sojojin Rum suka cike unguwar da ƙasa don ƙarfafa ganuwa saboda harin Farisawa, ƙasar ta adana gidan har masu haƙa na Jami'ar Yale da na Faransa suka tono shi a farkon shekarun 1930.

Girman ya fito a wasiƙar Karniliyas, bishop na Roma, ta shekara ta 251: dattawa 46, dikinoni 7, da gwauraye da mabukata fiye da 1,500 da ake ciyarwa. Bishop-bishop suka fara zaman majalisa, 87 suka taru a Kartaj a 256. Da mahara suka kwashe Kiristoci a Numidiya, Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya aika sastar 100,000, kuɗin Rumawa, domin fansarsu. Sarakuna sun lura. Disiyas ya tilasta wa kowa hadaya a 250, Baleriyan ya haramta taro a 257, aka kashe Sifiriyan a 258. Amma wajen 260 Galiyenus ya mayar wa Kiristoci wurarensu.

Daga salama zuwa babbar tsanantawa, 260 zuwa 313

Shekara 40 na kwanciyar hankali suka biyo baya. Wata shari'a ta wajen 272 ta nuna inda ƙarfin yake. An tsige Bulus na Samosata daga kujerar bishop na Antakiya, ya ƙi sakin gidan ikkilisiya, aka kai ƙara gaban Sarki Oreliyan. Sarkin, wanda ba Kirista ba ne, ya ce gidan na waɗanda bishop-bishop na Italiya da Roma suke musayar wasiƙa da su ne. Ko a idon hukuma, zumunci da sauran ikkilisiyoyi shi ne shaidar mallaka.

A ranar 23 ga Fabrairu, 303, Sarki Diyokiletiyan ya sa aka rushe cocin Nikomidiya, wanda ake hangowa daga fada. Aka ba da umarnin rushe wuraren taro da ƙone littattafai. A watan Mayu na shekarar jami'ai suka shiga gidan taron Kiristoci a Sirta, birnin da ke Aljeriya ta yau, suka rubuta abin da suka samu: ƙoƙon zinariya 2, na azurfa 6, rigunan mata 82, na maza 16, takalman mata ƙafa 47. Masana da yawa suna ganin tufafin na rabon matalauta ne. Littattafai kuwa sai da aka bi gidajen masu karatu ɗaya bayan ɗaya, domin an rarraba su. A 304 aka kama mutum 49 a Abitina, a Tunisiya ta yau, suna sujada a gidan wani ɗan'uwa. Da gine-gine suka faɗi, jama'a ta koma inda ta fito, shi ya sa tsanantawar ta kasa cimma burinta. Galeriyas ya janye ta a 311, Konstantin da Lisiniyas suka ba da 'yancin addini da mayar da dukiya a 313.

Bayan 313

Konstantin ya gina babban cocin Lateran a Roma, mai tsawon kusan mita 100. Cikin ƙarni ɗaya sujada ta tashi daga zaure ta koma manyan gine-gine, mai wa'azi ya hau mumbari, jama'a ta zama masu sauraro. A rabi na biyu na ƙarni na 4 majalisar Lawudikiya, garin da Nimfa ta taɓa buɗe gidanta, ta hana bishop ko dattijo yin Jibi a gidajen mutane, saboda tsoron ɓaraka da koyarwar ɓata.

Tsohon tsarin ya bar sawu. A 416 Fafaroma Inosan na ɗaya ya rubuta cewa kowace Lahadi yakan aika gutsuren gurasar Jibinsa ga dattawan cocin unguwannin Roma, don kada su ji an raba su da shi. Wasu cocin birnin suna ɗauke da sunayen mutane, ana kuma cewa gidajen Kiristocin farko ne, irin su Fudis da Biriskila, sai dai haƙa bai tabbatar da yawancin wannan ba. A Kafarnahum, haƙan da aka fara a 1968 ya gano gidan ƙarni na 1 da aka keɓe aka riƙa girmamawa, aka kuma ɗora masa coci mai kusurwa 8 a ƙarni na 5. Mahajjata sun ce gidan Bitrus ne. Haƙan ya tabbatar da girmamawar, amma bai tabbatar da mai gidan ba.

Babban gini ya kawo 'yanci da tsari da koyarwa iri ɗaya, amma ya rage sanin juna da cin abinci tare da rawar da mata masu gida suke takawa. Shi ya sa aka yi ta komawa ga ƙaramin taro: Filib Shifena ya buɗe gidansa a Farankfot a 1670, Jon Wesli ya kasa mabiyansa rukuni-rukuni na mutum wajen 12 daga 1742, Kiristocin Sin kuma suka koma gidaje lokacin da aka rufe coci-coci daga 1966. Waɗanda suka ɗore a cikinsu sun yi abin da ƙarni uku na farko suka yi. Sun samu masu gida amintattu, sun tantance baƙo kafin su ba shi bakin magana, sun riƙe amanar kuɗi a gaban shaidu, kuma kowane gida ya yarda wani gida ya ji halin da yake ciki, ya taimake shi, in ya karkace ya tsawata masa.